Ruwan Buta a Kwamfutar Ɗakin Taswira

Daga:
Sharafaddeen Ishaku,
Babban Akawu, Ɗakin Taswira,
Mazaunin Unguwar Ali Kazaure, Jos.

Litinin, 20 ga Nuwamba, 2006.

Zuwa ga:
Mai Girma Darakta, Mista Siman Dung,
Cibiyar Adana Taswirorin Tsofaffin Ramukan Kuza,
Rayfield, Jos.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN RAHOTON KWAMITIN BINCIKE NA 30 GA OKTOBA, 2006, DA KUMA SHAIDAR DA BABBAN AKAWU YA BAYAR A GABAN KWAMITIN

Bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan mai girma Darakta yana lafiya tare da iyali, ina neman izinin gabatar da ƙorafi a kan rahoton da aka ambata a sama. A kan wannan rahoto ne aka dakatar da Malama Kaneng Chuwang, ma'aikaciyar gyaran na'urori ta wannan cibiya, ranar 1 ga Nuwamba, bisa zargin sakaci wajen haɗa wa kwamfutar ɗakin taswira na'urar sanyaya ta da ruwa. Takardar dakatarwar ta ce idan ba a sami wata sabuwar hujja ba, korarta daga aiki za ta tabbata ranar 30 ga wannan wata. Saura kwana goma ke nan, kuma hujjar tana wurina.

Mai girma Darakta zai yi mamakin ganin takardar ofis da Hausa. Shekara talatin da huɗu ina rubuta wa hukuma takardu da Turanci, har na ƙware wajen jera shi yadda laifi zai rasa mai shi. Da Hausa ban iya wannan dabara ba, shi ya sa na zaɓe ta, tunda na san kana jin ta sarai. Sai dai ina roƙon rangwame guda ɗaya. Babban Akawun da nake ƙara, ni ne. Zan riƙa kiransa da muƙaminsa kamar yadda rahoton ya yi, domin na gwada rubuta "ni" har sau uku, hannuna yana ƙin tafiya.

Ga ƙorafe-ƙorafena bi da bi.

1. Rahoton ya ce, a shafi na biyu, babu dalilin sa wa kwamfuta ruwa a garin da ake kwana da bargo biyu, kuma wai Malama Kaneng ta kawo shawarar ne don nuna iyawa. Wanda ya rubuta haka bai taɓa yini a ɗakin taswira ba. Ɗakin ba shi da taga, domin haske yana cinye tawadar tsofaffin takardu, na'urar sanyaya ɗaki kuwa ta mutu tun shekarar 2004 ba a tashe ta ba. Kwamfutar da ke ciki ita ke ɗaukar hoton taswirorin da Turawan haƙar kuza suka bari, wasu faɗinsu ya kai tabarma, domin mai son gina gida ya san inda tsohon rami yake kafin ƙasa ta rufta da shi da iyalinsa. Aiki ne mai nauyi. In ta ɗauki zafi, fankarta takan yi ruri kamar injin markaɗe, sannan ta ɗauke ɗif a tsakiyar aiki, wani lokaci sau uku kafin azahar. Babban Akawu da kansa ya rubuta koke biyu a kan haka, ranar 9 ga Maris da ranar 4 ga Mayu, kuma suna nan cikin fayil. Da kwamiti ya zauna, bai tuna musu da ko ɗaya ba.

2. Rahoton ya ce, a shafi na uku, an haɗa na'urar cikin gaggawa. Kwana uku aka yi ana haɗa ta, daga Talata 6 ga Yuni zuwa Alhamis 8 ga Yuni, kuma Babban Akawu yana zaune a kujerarsa, taku huɗu daga wurin, yana leƙe ta saman tabarau yana neman inda za a yi kuskure. Bai samu ba.

Ranar farko ta zare wayoyi, ta kwantar da akwatin kwamfutar a kan tebur, ta kwance tsohuwar fankar da ke kan ƙwaƙwalwarta, ta goge wurin tas da auduga. Ta ɗiga wani mai mai launin toka, bai fi ƙwayar dawa ba, ta ɗora masa wani ɗan dunƙulen jan ƙarfe mai siraran hanyoyin ruwa a ciki. Sukurorinsa huɗu ta bi su kusurwa da kusurwa, kaɗan-kaɗan, yadda ake ɗaure tayar mota. Ta kafa ɗan ƙaramin lagireto da fankarsa a bayan akwatin, ta zaunar da famfo a ƙasa bisa soso don kada ya yi karkarwa, ta ɗaure 'yar tankin roba a sama, wadda ba ta ɗaukar fiye da kofin shayi biyu. Sannan ta auna tiyo ta yanke shi gida huɗu, tana tsoma bakin kowanne a ruwan zafi har ya yi laushi ya shige, ta kuma bi kowace mahaɗa da zoben matsewa.

Rana ta biyu ta zuba ruwa. Ba ruwan famfo ba ne. Tataccen ruwa ne wanda ba gishiri ba ƙasa a cikinsa, an haɗa shi da wani magani shuɗi mai hana gansakuka da tsatsa. Ta kunna famfon shi kaɗai, kwamfutar na kashe, ta riƙa karkata akwatin dama da hagu har kumfar iska ta fita. Sai ta shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin kowace mahaɗa, guda takwas, ta bar ruwan yana zagayawa har washegari. Ran Alhamis da safe ta ɗago takardun ɗaya bayan ɗaya tana miƙa wa Babban Akawu yana shafawa. Duk takwas ɗin a bushe suke, kuma ya sa hannu a littafin aiki a kan haka, shafi na 61. Daga ranar ɗakin ya yi tsit har ana jin tafiyar agogon bango, kwamfutar kuwa ba ta sake ɗaukewa ba sai bayan wata huɗu.

3. Rahoton ya ce, a shafi na huɗu, Malama Kaneng ba ta bar wa masu kula da ɗakin wani bayani ba. Ta bari. Ta ja layi da jan alƙalami a jikin 'yar tankin, ta manna lambar wayarta a gefensa, ta tsaya gaban teburin Babban Akawu hannayenta a baya. Ina kawo maganarta yadda ta faɗe ta, domin ta zama shaida: "Baba, ruwan zai sauka kaɗan cikin sati biyu, iska ne yana fita. In ya wuce wannan layi, ka buga mini waya. Don Allah kar ka zuba masa komai, ko fiya wata."

Babban Akawu ya amsa mata da "to, to" irin ta wanda ya riga ya gama shawara da zuciyarsa. A nan dole in yi wa mai girma Darakta bayanin ko shi ɗan wane ne. Mahaifinsa, marigayi Ishaku Direba, shi ke jan babbar motar kuza daga Barkin Ladi zuwa tashar jirgi tun zamanin Turawa. A gidansu ba a taɓa tayar da inji da safe ba sai an buɗe lagireto an shayar da shi, ko da kuwa jiya an cika shi har baki. Marigayi yakan ce motar da ba a shayar ba ita ke kwana a daji. Da wannan aka rene Babban Akawu, shi da duk wanda ya tashi a gidan direba a unguwarsu. To ga lagireto, ga tiyo, ga tanki, sai kuma ga yarinyar da aka haifa bayan ya kama aiki da shekara takwas tana ce masa kada ya zuba ruwa. Da ya koma gida ya ba matarsa Tabawa labari yana dariya, har ya kawo mata karin maganar nan ta abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Tabawa ta ce ya bar wa mai aiki aikinta. Ya ce ita ma ta kula da tukunyarta.

4. Ranar 12 ga Yuni cibiya ta tura Malama Kaneng Barkin Ladi aikin tattara taswirori, kuma ba ta dawo ba sai ranar da abin ya faru. Mabuɗin ɗakin taswira guda ɗaya ne, yana aljihun Babban Akawu. Rahoton ya ambaci wannan, amma bai tambayi abin da ake yi a ɗakin idan an tura ƙofa ba.

Ranar Litinin 19 ga Yuni, da misalin ƙarfe takwas da kwata na safe, ya lura ruwan ya sauka. Ina so a rubuta cewa bai ma kai jan layin ba, da sauran faɗin yatsa guda. Ya tura ƙofa. Ya ɗauko butarsa ta alwala daga ƙarƙashin tebur, wadda ya cika da safen nan daga duron da ke bayan ofis. Mai girma Darakta ya san duron, ya kuma san cewa tun da famfonmu ya ƙafe, tankar da ke cika shi daga tsohon kududdufin kuza take ɗebowa. Ya kwance murfin tankin, ya yi bisimilla, ya tsiyaya har wuya. Bai tsaya nan ba. Ya bar murfin sako-sako, wai don ruwan ya riƙa numfashi, domin ya taɓa ganin marigayi yana yin haka a hawan dutse. Da murfi ya zauna a buɗe sai ruwan ya riƙa ƙonewa, da ruwan ya ƙone sai Babban Akawu ya ga hujjar ƙarawa, ya ce ai ga shi, da bai kula ba da tuni ta bushe.

Ya yi haka kowace Litinin, daga 19 ga Yuni zuwa 9 ga Oktoba. Na ƙirga a kalanda, sau goma sha bakwai ne. Kuma ba zan ɓoye ba, yana jin daɗin yi. Yakan tsaya bayan ya zuba, buta a hannu, yana kallon ruwan yana zagayawa cikin tiyo, yana ji a ransa shi ne ke riƙe da cibiyar nan alhali ba wanda ya sani. Girman kai rawanin tsiya, in ji mutane, shi kuwa nasa har da kunnuwa biyu.

5. Rahoton ya ce lalacewar ta zo ba zato ba tsammani. Ta yi sallama tun daga nesa, an ƙi amsa mata ne. Cikin watan Yuli shuɗin ruwan ya fara kodewa, har ya koma fari. A makon farko na Agusta wasu korayen zaruruwa suka bayyana a cikin tiyo, irin waɗanda ake gani a gindin randar da aka daɗe ba a wanke ba. Gefen akwatin kwamfutar gilashi ne, duk wanda ya shigo zai iya gani. Mai hankali da ya ga haka waya zai ɗauka, lambar tana manne a gaban idonsa. Babban Akawu kalanda ya ɗauka, ya cire ta daga bango ya manna ta a kan gilashin.

Malama Kaneng tana bugo masa waya duk bayan mako biyu. Ranar Litinin 14 ga Agusta ta tambaye shi kai tsaye ko wane launi ruwan yake. Awa ɗaya ke nan da ya ajiye butar. Ya ce mata shuɗi ne shar, komai lafiya lau, ta kwantar da hankalinta ta yi aikinta. Ta yi masa godiya, ta ce ta san ɗakin yana hannu na gari. Cikin watan Satumba famfon ya fara gurnani, yana yi yana tsayawa. Babban Akawu ya ƙara wa rediyonsa murya.

6. Wannan shi ne ƙorafi mafi nauyi, kuma ina roƙon mai girma Darakta ya karanta shi a hankali.

Ranar Alhamis 12 ga Oktoba, da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safe, gansakuka ta gama toshe siraran hanyoyin da ke cikin jan ƙarfen. Ruwa ya tsaya, ya yi zafi, tiyo ya yi laushi ya suɓuce daga mahaɗarsa. Ruwan ya zubo kan akwatin wutar kwamfutar, aka ji tas, hayaƙi ya tashi da warin ƙonanniyar roba. Hotunan taswira ɗari huɗu da goma sha biyu ne a ciki, ɗari da talatin kawai aka riga aka kwashe a faifai. Sauran duk sai an sake. Kafin Babban Akawu ya kira kowa, ya yi abu uku: ya ɗaure murfin tankin tam, ya ɓamɓare kalandar ya mayar da ita bango, ya fita da butar ya ajiye ta cikin sauran butoci a wurin alwala. Bayan nan ne ya fara salati da ƙarfi don a ji.

Ranar Talata 17 ga Oktoba kwamiti ya zauna ƙarƙashin Madam Firisila, shugabar sashen mulki. Malama Kaneng ta zo da ragowar ruwan a cikin kwalba, kore ne mai yauƙi, da yashi kwance a gindinsa. Ta ce ruwan da ta zuba ba ya yin haka ko shekara zai yi, ta ce ruwa ba ya tsami banza, ta roƙi a kai kwalbar a auna. Ba ta kira sunan kowa ba. Kwamiti ya juya ga mai riƙe da mabuɗi. Muna cikin goman ƙarshe na watan azumi, bakinsa a bushe, carbi a hannunsa. Ya ce ba wanda ya taɓa na'urar tun ranar da aka haɗa ta. Da ya tsaya nan da sauƙi. Sai ya ƙara, ba tare da an tambaye shi ba, cewa ya ga kamar hannun yarinyar yana rawa ranar da take ɗaure mahaɗar. Hannun nan da ya kwana uku yana kallo bai ga ya yi ko motsin banza ba.

Madam Firisila ta ce ba za ta yi jayayya da dattijo mai furfura, mai azumi a bakinsa ba. Aka ture kwalbar gefe, aka wuce batu na gaba. Ina girmama Madam Firisila, kuma na san mutunci ta yi mini. Amma ina ƙorafi cewa kwamitin da aka kafa don ya auna ruwa, furfura ya auna. Da an kai kwalbar nan ko makarantar sakandare ce, malamin kimiyya zai gane ruwan kududdufi kafin a tashi tara.

Mai girma Darakta zai tambaya me ya sa. Babban Akawu yana da amsa mai kyan gani, wadda ya yi sati biyar yana lulluɓa da ita. Yakan ce wa kansa, tun rikicin addinin da ya sami garin nan a 2001 kowa a ofis yana taka-tsantsan da bakinsa, kuma in aka ji ruwan alwala ne ya kashe kwamfutar gwamnati, maganar za ta fita daga Rayfield ta zaga gari, a yi dariya ba da shi kaɗai ba, har da duk mai riƙe buta. Wato wai addini yake karewa. Ƙarya ce. Shekarun da ya yi a cibiyar nan ba wani Kirista da ya taɓa yi wa butarsa kallon banza, kuma addinin da yake faɗa bai taɓa neman a kare shi da shaidar zur ba. Gaskiyar ta fi haka ƙanƙanta. Saura masa wata bakwai ya cika shekara talatin da biyar ya yi ritaya, fayil ɗinsa ba ko ɗigon jan biro, kuma ya riga ya fara tsara jawabin da zai yi ranar walimar sallama. Ba ya son a ce yarinya ta gargaɗe shi bai ji ba. Don kada a faɗi wannan jumla guda ya yarda a kori 'yar mutane daga aiki.

7. Daga nan zan daina ɓuya a bayan muƙami.

Sallah ta zo ta wuce ban ji ɗanɗanon komai ba. Tabawa ta zuba mini ido kwana da kwanaki, rannan ta ajiye mini tuwo ta zauna ta ƙi tashi, har na faɗa mata. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi ita ma tana da 'ya mai aiki a hannun wasu, Fiddausi, kuma tana fatan kada Allah ya haɗa ta da dattijo irina.

Shekaranjiya Asabar, 18 ga Nuwamba, na hau motar Kuru, garin su Malama Kaneng, da niyyar in faɗa mata gaskiya in nemi gafara. Na tarar da mahaifiyarta, Mama Lai'atu, a tsakar gida tana ware dankali. Da na faɗi sunana sai ta miƙe tana goge hannu a zani, ta ce ashe ni ne Baba Akawu. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo gwate da zafinsa. Ta ce Kaneng ta daɗe tana ba ta labarina, cewa akwai wani dattijo a ofis da ke riƙe da ita kamar 'yarsa, wanda ya nuna mata yadda ake naɗe tsohuwar taswira ba ta karye ba. Ta ce tun da mijinta ya rasu ba wani babba da ya tako gidan saboda yarinyar sai ni. Ta roƙe ni, tunda oga yana jin maganata, in sa baki a duba lamarin 'yarta, domin ita ta san Kaneng ba ta yin aikin ha'inci, ko shara aka ba ta sai ta ɗaga tabarma. Ranka ya daɗe, na zauna na cinye gwaten nan tas, ina cewa in Allah ya yarda, in Allah ya yarda. Maganar da na ɗauko tun daga Jos da ita na tashi. Da zan tafi ta ɗaure mini dankali rabin buhu.

Kaneng ce ta ɗauko buhun ta raka ni bakin titi. Tana gida tun isowata. Muna tsaye muna jiran mota na buɗe baki, sai ta riga ni. Ta ce ranar da ta dawo ta ga sawun gam a kusurwa huɗu na gilashin, ta ga murfin an ɗaure shi da ƙarfin da ba nata ba, ta kuma san ruwan duron bayan ofis, don da shi take wanke hannu. Ina kawo sauran yadda ta faɗa: "Baba, na sani tun ranar. A gidanmu ba a kunyata babba a gaban mutane, shi ya sa ban kira sunanka ba. Na ɗauka kai za ka faɗa da kanka." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma kalle ni ba. Ta tsayar da mota, ta sa buhun a ƙarƙashin kujera, ta ce in gaida Mama Tabawa a gida.

Na yi shekara hamsin da takwas a duniya, na binne uwa da uba, na ga tashin hankalin garin nan da idona, amma ban taɓa jin ƙasa ta yi mini nisa kamar a bakin titin nan ba. Yarinyar da na ce ba ta kai ta koya mini lagireto ba, ita ta rufa mini asiri da aikinta, tana jiran in yi abin da babba ke yi. Ta jira kwana talatin da biyu. Buhun yana nan a zaurenmu, Tabawa ta ce ba za ta fere ko ɗaya ba, ni ma ban ce ta fere ba.

Saboda abubuwan da na zayyana a sama, ina roƙon mai girma Darakta, cikin ƙanƙan da kai, da ya ɗauki waɗannan matakai.

Na farko, kuma wanda ya fi gaggawa, a dakatar da korar Malama Kaneng Chuwang kafin ranar 30 ga wata, a mayar da ita bakin aikinta, a cire kalmar sakaci daga fayil ɗinta yadda ba za ta bi ta wani wuri ba. A kuma sanar da ma'aikata a allon sanarwa, da rubutu mai girman wanda aka sanar da dakatarwar da shi.

Na biyu, a janye rahoton 30 ga Oktoba, a sake kiran kwamitin. Kwalbar tana nan a kabad ɗin Madam Firisila, na gan ta da idona ranar Juma'a. A auna ta, a auna ruwan duron. Zan zo in maimaita duk abin da ke cikin wannan takarda a gaban waɗanda na yi wa ƙarya, zan kuma kawo butar da kalandar.

Na uku, duk hukuncin da dokar aiki ta tanada ga wanda ya ɓata kayan hukuma ya kuma ba da shaidar ƙarya, a zartar mini da shi, a rubuta a fayil ɗina. Ina roƙon kada a sassauta saboda shekaruna, domin shekarun nan su suka jawo aka gaskata ni tun farko. Batun walimar sallama kuwa a bar shi.

Na huɗu, in har ban bar cibiya nan take ba, kuma in Malama Kaneng ta yarda ta zauna ɗaki ɗaya da ni, a ba ni izinin ɗauko mata taswirori ɗari biyu da tamanin da biyun da za a sake, ina shimfiɗawa ina naɗewa. Wannan aikin na iya shi. In ba ta yarda ba, tana da gaskiya, kada a matsa mata.

A ƙarshe, ina sanar da mai girma Darakta cewa wannan takarda ba ta janyuwa. Na san kaina. In aka kira ni ofis aka ba ni kujera, aka ce Malam mu rufe maganar nan a tsakaninmu mu nemo wa yarinyar wata hanya, ina tsoron zan ce to. Don haka kafin in hawo benenka da safen nan na miƙa kwafi ɗaya ga Madam Firisila hannu da hannu, na kuma ba direban motar Kuru ɗaya ya kai gidan su Kaneng. A bayan ambulan na rubuta cewa ina roƙon a karanta wa Mama Lai'atu ita, daga farko har ƙarshe, kada a tsallake lamba ta shida.

Allah ya ƙara wa mai girma Darakta lafiya da adalci, ya ba shi ikon gyara abin da na ɓata.

Naka mai biyayya, cikin ladabi da jin kunya,

Sharafaddeen Ishaku,
Babban Akawu, Ɗakin Taswira.

Kwafi zuwa ga:
Madam Firisila, Shugabar Kwamitin Bincike.
Malama Kaneng Chuwang da mahaifiyarta, Kuru.